Baba Ta Karo, Wadda Ba Ta Haihu Ba Amma Ta Bar Tarihin Reno

A cikin shekarar 1951 ne Allah ya yi wa wata tsohuwa rasuwa a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, tana da kimanin shekara 74 a duniya. Mutanen gari sun san ta da sunan Baba, kuma da yake asalinta daga Karo ne, sai duniya ta san ta da Baba ta Karo. Ba ta yi karatun boko ba, ba ta riƙe wata sarauta ba, Allah kuma bai nufe ta da haihuwa ba duk da aure huɗu da ta yi. Amma a yau duk ɗalibin da ya nemi sanin yadda ake karɓar jariri a gidan Bahaushe kafin zuwan asibiti, da yadda ake goyonsa da yaye shi, da wuya ya kauce wa labarinta, domin kuwa yana cikin shaidu ƙalilan na wancan zamani da suka fito daga bakin mace.

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye na manoma kusa da garin Zarewa. Zarewa tana cikin Ƙaramar Hukumar Rogo ta Jihar Kano a yau, watau dab da iyakar da ta raba Kano da ƙasar Makarfi da ta Kudan a arewacin Jihar Kaduna. Iyakar kuwa ta takarda ce kurum ga mutanen wannan yanki, gama harshensu ɗaya, nomansu ɗaya, suna cin kasuwannin juna, suna kuma auratayya. Saboda haka abin da Baba ta bayyana game da haihuwa da reno ba zai zama baƙon abu ba ga tsohuwar da ta tashi a Hunkuyi ko Makarfi ko Ikara. Abin da ta tarar ne a ɗakin kakarta.

Kakan Baba, Ibrahim Dara, daga Barno ya fito, ya kafa gona da rinji a Karo. Mahaifinta, Malam Tsoho, manomi ne kuma malamin allo. Ta tashi a babban gida irin na gandu, a zamanin da babu kwanciyar hankali a karkara. Mahara sukan faɗa wa ƙauyuka, jama'a su gudu su fake cikin ganuwar Zarewa, har an taɓa kame waɗansu mata da yara na danginta, sai da aka tara wuri mai yawa aka fanso su. Tana da ƙuruciya aka yi yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895, tana matar aure Turawa suka shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a 1903. Bayan haka bayi da yawa suka watse daga rinjin gidansu, arzikin gidan ya ja baya.

Tana wajen shekara 14 aka aurar da ita ga ɗan'uwanta Duma, auren zumunta wanda ba shi ne zaɓin ranta ba. Bayan 'yan shekaru auren ya mutu, ta auri Malam Maigari, wanda tun farko ta yi wa alkawari, suka zauna shekara 15. Mijinta na uku, Malam Hasan, manomi ne kuma mai tsaron gidan yari a Giwa, a can kuma ta ƙare rayuwarta. Bayan rasuwarsa ta yi auren takalmi da wani mai suna Ibrahim, watau tana zaune a gidanta shi yake zuwa.

Rashin haihuwa babban al'amari ne ga mace a wancan lokaci, yanzu ma ba ƙarami ba ne. Sai dai bai bar ɗakin Baba babu yaro ba, saboda al'adar tallafi. Da zarar an yaye yaro, kaka ko gwaggo ko inna tana iya roƙonsa a ba ta riƙo, ya tashi a ɗakinta, ita za ta ci da shi ta tufatar da shi, ita za ta tsaya a kan aurensa in ya girma, kuma wadda ba ta samu nata ba ita aka fi tausayawa a bai wa. Ta haka Baba ta reni yara har suka girma a hannunta. Da shekaru suka ja, ta zama cikin tsofaffin da akan aika a kira idan naƙuda ta tashi, waɗanda matan gari ke kai wa kukansu.

Wannan matsayi nata shi ya haɗa ta da baƙin da suka sa sunanta ya ƙetare teku. A 1949 wani masanin zaman jama'a mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zo lardin Zazzau don binciken tattalin arzikin Hausawa da tsarin mulkinsu. Namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure, ba shi da hanyar sanin abin da ke gudana cikin gida inda mata ke kulle. Matarsa Mary, wadda ta koyi Hausa, ita ta ɗauki wannan ɓangare, a Giwa kuma ta gamu da Baba suka ƙulla abota. Tsakanin watan Nuwamba na 1949 da Janairu na 1950, har tsawon kimanin mako 6, su biyun sukan zauna wajen sa'a 3 kowace rana, Baba tana faɗa, Mary tana rubutawa da Hausa. Tsohuwar ta yi maganar bauta da noma, da kishi da saki, da ƙawance da bori, amma inda labarin ya fi nauyi shi ne sha'anin yara, tun daga ranar haihuwa har zuwa yaye.

Tsarin da ake bi a ƙauyukan wannan yanki a zamaninta sananne ne. Mace takan haihu a durƙushe, ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri. Mai jego ta shiga wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, tana shan kunun kanwa. Rana ta 7 a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Daga nan sai shayarwa ta wajen shekara 2, wadda a cikinta miji ke ƙaurace wa matarsa don gudun kada ciki ya shiga nono ya lalace, yaro ya rame. In lokacin yaye ya yi, sai a ɗauke yaron a kai shi wurin kaka har ya manta da nono. Mai karatu da ya bi wannan tsari da lura zai ga wani abu guda yana ta maimaituwa, watau yawan hannuwa. Kafin ranar suna jariri ya riga ya ratsa hannun ungozoma da kakanni da kishiyoyin uwarsa, bayan suna kuma ga 'yan mata masu reno suna rige-rigen goya shi.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne kan ɗan fari. Baba ta yi dogon bayani a kan kunyar da yarinya ke ji game da haihuwarta ta farko. Ba ta faɗin sunan yaron, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma sai tsofaffi sun matsa mata kafin ta ba shi nono a bainar jama'a, uban shi ma yana kawar da kai. Ɗan fari shi ne aka fi bayarwa riƙo, kuma sau da yawa yakan girma yana jin kakarsa ko gwaggonsa ta fi kusa da zuciyarsa bisa ga wadda ta haife shi. Baba ba ta ɗauki wannan a matsayin ƙiyayya ba, ba ta kuma ga yaran da aka rena haka sun tashi da wata tawaya ba.

A shekarar da ta rasu, watau 1951, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani rahoto da ya girgiza ilmin tasowar yara. Marubucinsa, John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ne a Landan wanda ya yi nazarin marayu da yaran da yaƙin duniya na biyu ya raba da gidajensu. Ya nuna cewa ci da sha kaɗai ba su isar jariri, lalle yana bukatar dangantaka mai ɗumi, marar yankewa, da uwarsa ko da wadda ta tsaya a madadinta dindindin. Wannan ita ce shaƙuwa, ginshiƙi na farko a wannan fanni. Rahoton ya yi amfani ƙwarai, ya sa aka gyara gidajen marayu, aka kuma fara barin iyaye su zauna da 'ya'yansu a asibiti. Amma masu yaɗa shi sun manta da maganar madadi, suka mayar da shi kamar doka cewa uwa ɗaya tak ce jariri zai shaƙu da ita, in ta kau da kai yaro ya lalace. Da za a auna gidan su Baba da wannan ma'auni, da sai a ce kowane ɗan fari a ƙasar Hausa majinyaci ne.

Kafin a warware wannan, sai da masana suka fara gano abin da jariri da kansa yake ji yake gani, domin ra'ayin da ya yi yawa a lokacin, a Turai da nan gida, shi ne sabon haihuwa bai san komai ba sai nono da barci. A farkon shekarun 1960 Robert Fantz na Amurka ya lura cewa ana iya tambayar jariri ba tare da magana ba. Sai a nuna masa abu biyu, a auna wanda ya fi daɗewa yana kallo. Da wannan dabara ya tabbatar cewa jinjiri na 'yan kwanaki yana bambance zane da fili, ya kuma fi son kallon abin da ya yi kama da fuska. Ganinsa dai ba shi da kaifi, ya fi kama abin da ke nesa da shi kamar taƙi guda ko fiye kaɗan, watau gwargwadon ratar da ke tsakanin idonsa da fuskar wadda ta rungume shi. A 1975 Aidan Macfarlane na Ingila ya nuna cewa jariri mai kwana 6 yana juya kai wajen ƙyallen da ke ɗauke da ƙanshin nonon uwarsa, ya bar na wata mace. A 1980 Anthony DeCasper da William Fifer suka nuna cewa jaririn da bai wuce kwana 3 ba yana sauya yadda yake tsotso don a sa masa muryar uwarsa, abin da ke nuna tun yana ciki yake saurare.

Ashe ke nan yarinyar da ke sunkuyar da kai don kunya ba ta ɓuya ga ɗanta ba. Ya san muryarta, ya san ƙanshinta, yana kwana a jikinta, yana shan nononta. Abin da kunya ta hana shi daga gare ta, watau kallon ido da ido da wasa da kiran suna, yana samunsa a fuskokin da ke kewaye da shi.

Kunnen jariri ma yana da nasa abin mamaki, wanda ya shafi mai jin Hausa kai tsaye. A 1984 Janet Werker da Richard Tees na Kanada suka gwada 'ya'yan masu jin Ingilishi da waɗansu sautuka na wani harshen asalin mutanen ƙasar, sautuka masu ƙarfin maƙogwaro irin na harafin ƙ. Jarirai masu wata 6 zuwa 8 sun bambance su ba wuya, amma masu wata 10 zuwa 12 yawanci sun kasa, domin kunnensu ya riga ya karkata ga harshen gida. Yaron da ke bayan mai goyo a tsakar gida, ana daka ana hira ana waƙa, kafin ya cika shekara ya gama ware ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b, aikin da ke ba Bature balagagge wahala shekara da shekaru. Goyon kansa an gwada shi. A 1986 waɗansu likitoci biyu a Kanada, Urs Hunziker da Ronald Barr, suka sa waɗansu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu, sai aka ga kukan waɗannan jarirai a mako na 6 ya kasa na sauran da kashi 43 cikin ɗari.

Game da shaƙuwa kuwa, gyaran ya faro ne daga Afirka. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki tare da Bowlby, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955 tana ziyartar gidaje kusa da Kampala, ta ga yadda yaro mai rarrafe yake mayar da wanda ya amince da shi kamar sansani, ya tafi bincike ya dawo ya taɓa shi ya sake tafiya. Ta kuma lura da abin da Bahaushe ke kira ƙyuya, wadda kan bayyana a rabin shekara na biyu, sa'ad da yaro ya fara ƙin baƙo yana kuka in an bar shi. Ƙyuya ba rashin tarbiyya ba ce, alama ce ta cewa yaro ya kai matakin riƙe mutum a zuciya ko da ba ya ganinsa. A 1964 Rudolph Schaffer da Peggy Emerson suka bi jarirai 60 a birnin Gilasgo, suka tarar cewa kafin wata 18 mafi yawansu sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya.

Daga bisani binciken ya iso ƙasar Hausa. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, suka buga sakamakon nazarin jarirai 18 a wani garin kasuwa na Hausawa. Sun tarar kowane jariri yana da masu kula da shi wajen mutum 4. Uwa ce ke shayarwa da wanka, amma ɗauka da wasa an raba su tsakanin mutanen gida. Jariran duka sun shaƙu da mutum uku ko huɗu, mafi yawansu kuma suna da guda ɗaya da suka fi so, wadda galibi ita ce ta fi ɗaukarsu da yi musu wasa, ko ita ce mahaifiyar ko ba ita ba ce. Da wuya a bar jariri yana kuka ba a ɗauke shi nan take ba. Adadin yaran kaɗan ne, bai isa a kafa doka da shi ba, amma ya yi daidai da abin da Baba ta faɗa shekara 27 kafin nan, ita da ta san abin daga ɓangaren mai riƙo.

Ba daidai ba ne dai a mayar da labarinta hujjar wanke al'ada duka. A zamaninta yara suna mutuwa ainun, kuma waɗansu abubuwan da tsofaffi irinta suka riƙa da hannu biyu suna da hannu a ciki. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, suka danganta yawan ciwon zuciya da ke kama masu jego a wannan yanki da kunun kanwa, wanda ke tara gishiri da ruwa a jiki, tare da zafin wanka da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Zubar da dakashi, watau nonon farko, hana jariri maganin rigakafinsa na farko ne, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a sa shi a nono cikin sa'ar farko, a kuma ba shi nono zalla har wata 6. Cire beli da aska marar tsabta ya jawo zubar jini da cuta. Yaye na dare ɗaya, inda ake raba yaro da nono da uwa a lokaci guda, shi ma yana da sauƙi ne kawai idan kakar da aka kai shi wurinta ya riga ya saba da ita. Sa'an nan kuma labarin na mace ɗaya ce, 'yar gidan masu rinji, ta bakin mai fassara baƙuwa. 'Yar bayin gidan da an tambaye ta, watakila da wani labarin za ta bayar.

Abin da ya sa shaidar Baba ta shafi ma'aikaci na yau shi ne gidan da ta bayyana yana ta raguwa. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da aka tura aiki Ikara ko Makarfi, tana zaune da mijinta a ɗaki biyu na haya, ba ta da kaka a kusa, ba ta da ayarin 'yan mata masu reno. Kunyar ɗan fari ba ta cutar da yaro a gidan gandu ba saboda akwai masu cike gurbin, amma idan aka ɗauko kunyar aka baro gandun, jariri zai rasa fuskar da zai kalla. Haka nan barin yaro a hannun mai reno ba laifi ba ne bisa ga abin da bincike ya nuna, illar tana wajen sauya masu renon kowane wata biyu ko uku, domin masu riƙon da Baba ta sani mutane ne da yaro ke wayar gari ya gani shekara da shekaru. Ɗaliban koyon malanta da na kiwon lafiya, waɗanda ke haddace sunayen Bowlby da Ainsworth don jarrabawa, ba kasafai ake gaya musu cewa akwai shaida daga Giwa da Zarewa a kan wannan batu ba.

Baba ba ta ga littafinta ba. Kamfanin Faber na Landan ya buga shi da Ingilishi a 1954, shekara 3 bayan rasuwarta, da sunan Baba of Karo, tare da gabatarwa da bayanai na M. G. Smith. Jami'ar Yale ta Amurka ta sake buga shi a 1981 da sabuwar gabatarwa ta Hilda Kuper, a 1992 kuma Margaret Busby ta sa wani yanki nasa cikin kundin rubuce-rubucen matan Afirka da ta tattara. Ainihin Hausar da Baba ta yi magana da ita sai a farkon shekarun 1990 aka buga ta, da sunan Labarin Baba, Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano, kuma a Amurka aka buga. Allah ya jiƙanta.